Abubakar Imam: Marubucin da ya zo na biyu a gasar 1933

A shekarar 1933 ne aka shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai ta farko cikin harshen Hausa, inda wani matashin malamin makaranta a Katsina, mai shekara 22 da haihuwa, ya zo na biyu.

Wanda ya zo na ɗaya kuwa wansa ne, mutumin da ya riƙe shi, ya kuma ɗora shi a kan hanyar karatun boko.

Matashin shi ne Abubakar Imam, littafin da ya shiga gasar da shi kuma shi ne Ruwan Bagaja, wanda har yau ake karanta shi a makarantu da jami'o'i a ƙasar Hausa da wajenta.

Daga wannan gasa zuwa rasuwarsa a 1981, Imam ya samu yabo da lambobin girma daga gida da waje. Sai dai babban abin da gasar ta jawo masa shi ne aiki, domin ita ce ta fitar da shi daga aji, ta kai shi Zariya, ta ɗora masa nauyin gwada ko Hausa za ta iya ɗaukar littafin hira da jarida.

Daga Kagara zuwa Katsina

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda a yanzu yake cikin jihar Neja.

Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙalin garin, saboda haka a gida ya fara karatun allo da na littattafan addini, ya kuma saba da Larabci tun yana yaro.

A lokacin Turawa ba su daɗe da cin ƙasar ba. A 1901 sojojin Birtaniya suka ci Kwantagora, garin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, sannan a 1903 suka ci Kano da Sakkwato.

Wansa Muhammadu Bello Kagara, wanda aka haifa a 1890, ya ga wannan sauyi da idonsa yana yaro. Ya yi karatun boko a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, daga bisani ya zama malami a Kwalejin Katsina.

Wurinsa aka tura Abubakar, a nan ne kuma ya shiga makarantar boko.

Gwamna Hugh Clifford ne ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, domin horar da malaman makaranta ga lardunan Arewa.

Imam ya shiga kwalejin a 1927, ya fita a 1932. Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk sun yi zamani da shi a can.

Bayan ya gama sai aka ba shi aikin koyar da Turanci a makarantar Midil ta Katsina, wadda ke karɓar yara daga gundumomin masarautar, har da yankunan yamma da a yau ake kira Batsari da Safana.

Gasar Zariya

A 1929 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa Hukumar Fassara, wadda daga baya ta zauna a Zariya. Aikinta shi ne juya littattafan Turanci da na Larabci zuwa Hausar boko domin makarantu.

Ba a daɗe ba aka lura da wani giɓi. Yaro zai koyi karatu a elementare, amma idan ya tashi daga aji ba shi da abin da zai karanta don nishaɗi, ga shi kuwa karatun da ba a taɓa shi yakan zube.

Shugaban hukumar, Dokta Rupert East, ya ga cewa fassara kaɗai ba za ta cike wannan giɓi ba. A 1933 aka sauya wa hukumar suna zuwa Hukumar Talifi, shi kuma ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su ƙago labarai da kansu, tare da alkawarin kyauta ga waɗanda suka yi fice.

A wata maƙala da ya wallafa a 1936, East ya nuna cewa abin da ya fi ba shi wuya shi ne shawo kan malamai su yarda cewa ƙaga labari aiki ne da ya dace da mai ilmi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A ƙasar Hausa alƙalami na ilmi ne da wa'azi, kamar yadda aka gada daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Abdullahin Gwandu da Nana Asma'u. Tatsuniya kuwa abar dare ce, ta tsofaffi mata da yara, ba a ɓata tawada a kanta.

Amfanin kyautar a nan shi ne ta shaida wa jama'a cewa hukuma na ganin wannan sabon aiki da daraja, har za ta auna shi, ta fifita wani a kan wani.

Da aka gama tantancewa, Ganɗoki na Bello Kagara ya zo na ɗaya, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya zo na biyu.

Daga 1934 aka fara buga su, tare da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East.

Waɗannan littattafai biyar su ne masana ke ɗauka a matsayin mafarin ƙagaggen labari a rubutun boko na Hausa.

Kyauta da lada da tukuici

Abin da aka bai wa waɗanda suka ci gasar, da Hausa kyauta ake ce masa, ko da yake kalmar ba don irin wannan aka san ta ba tun asali.

Kyauta ita ce abin da mutum ya bayar don ganin damarsa, ba tare da an yi masa aikin komai ba. Tushenta ɗaya da kyau da kyautatawa, shi ya sa idan mutum ya yi abin kirki ake ce masa ya kyauta.

Hausa dai tana da yalwar kalmomi a wannan fage, kowace da muhallinta. A ƙauyukan yammacin Katsina, kamar Karare da ke ƙaramar hukumar Batsari, ba wanda zai rikita su.

Lada shi ne hakkin wanda ya yi aiki, ko a hannun mutum ko a wurin Allah. Jinga ita ce kuɗin da aka yi ciniki a kansu kafin a fara aikin. La'ada rabon dillali ce. Tukuici kuwa na ɗan aike ne da ya kawo kyauta, ko wanda ya kawo labari mai daɗi.

Matafiyi yakan dawo da tsaraba. Talaka yakan kai wa basarake gaisuwa, babba kuma ya yi wa na ƙasa da shi hasafi. Goro ya zama sunan ƙananan kyaututtuka da yawa, kamar goron sallah da goron albishir, ko da babu ƙwayar goro ɗaya a ciki.

A fagen gwada ƙarfi, ɗan dambe ko ɗan kokawar da ya gagara shi ke riƙe da kambu. A Jamhuriyar Nijar, tun daga 1975 takobi ake bai wa sarkin kokawa na ƙasa.

Babbar kyautar da Bahaushe ya sani daga hukuma kuwa ita ce sarauta, wato rawani da alkyabba da doki.

Abin da babu shi a da shi ne a tara rubuce-rubucen mutane, a naɗa alƙalai su auna su, a fitar da na ɗaya da na biyu. Da wannan al'ada ta shigo tare da makarantar boko, sai kalmar kyauta ta faɗaɗa ta ɗauke ta. Daga baya kofi da garkuwa da lambar yabo suka biyo, ita lamba ma aro ce daga Turanci.

A 1934, shekarar da Ruwan Bagaja ya fito, aka buga babban ƙamus ɗin Hausa na G. P. Bargery. Ke nan a lokaci guda ake tattara tsofaffin kalmomin harshen, ake kuma ɗora musu sababbin ma'anoni.

Yadda Ibrananci ya yi

Ba Hausa kaɗai ce ta fuskanci wannan buƙata a wancan zamani ba.

A watan Janairun 1933, hukumar birnin Tel Aviv, a Falasɗinu wadda ita ma take ƙarƙashin mulkin Birtaniya a lokacin, ta kafa kyautar Bialik domin adabin Ibrananci, albarkacin cikar mawaƙi Hayyim Nahman Bialik shekara 60 da haihuwa.

Ibrananci ya shafe ƙarnuka a matsayin harshen ibada da karatu, kafin a mayar da shi harshen kasuwa da jarida daga ƙarshen ƙarni na 19. Shi ma sai da ya lalubo kalmar da zai kira irin wannan kyauta da ita.

Kalmar da aka ɗauka ita ce pras. A tsofaffin littattafan malaman Yahudawa tana nufin abin da maigida ke bai wa baransa, amma a yau ita ce sunan kyautar gasa, kamar a Pras Yisra'el, babbar kyautar ƙasar Isra'ila da aka kafa a 1953.

Kyautar alheri kuwa matana ake ce mata. Wato Ibrananci ya raba abin da Hausa ta haɗa a kalma ɗaya, kamar yadda Larabci ya raba hadiyya da ja'iza.

Akwai kuma sakhar, wadda ke nufin ladan ma'aikaci da kuma sakamakon Ubangiji, daidai da yadda lada yake a Hausa, da ajr a Larabci.

Ana kuma amfani da kalmar ot, wato alama, wajen kiran lambar da ake maƙala wa mutum a ƙirji. Tushenta ɗaya da kalmar aya ta Larabci.

Marubuci Shmuel Yosef Agnon ya ci kyautar Bialik a 1934, sannan a 1966 ya samu kyautar Nobel ta adabi a kan abin da ya rubuta da Ibrananci.

A nan Najeriya ma, a 1933 ne littafin Omenuko na Pita Nwana, wanda aka rubuta da harshen Ibo, ya ci wata gasa da wata cibiyar nazarin harsunan Afirka da ke Landan ta shirya.

A duk waɗannan wurare manufar kusan ɗaya ce, wato a yi amfani da gasa a jawo masu ilmi su rubuta sabon adabi da harshensu.

Abin da ke cikin Ruwan Bagaja

Ruwan Bagaja labari ne na Alhaji Imam, mutumin Kwantagora, wanda ya bar gida neman wani ruwa da aka ce shi ne maganin ciwon ɗan sarki.

Abin da ya fitar da shi shi ne wulaƙancin da aka yi wa limamin da ya riƙe shi a matsayin uba, bayan da ya ambaci wannan ruwa a fada aka ƙaryata shi. Ya fita ne domin ya wanke shi daga wannan kunya.

A hanya ya yi ta karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, suna shirya wa juna makirci daga gari zuwa gari, wannan ya ci yau, wancan ya rama gobe.

Wannan raha ita ce ta sa littafin ya shiga zukatan yara da manya. Hausarsa mai sauƙi ce, irin ta zaure da bakin kasuwa, cike da karin magana da ba'a.

Ganɗoki kuwa labarin jarumi ne da ya yaƙi Turawa tare da Nagwamatse, kafin ya faɗa duniyar aljannu. Salonsa ya fi kusa da kirari da labarun yaƙi na maroƙa.

Masu nazari sun nuna cewa Imam ya yi aro daga littattafan da ya karanta. Shi da kansa ya bayyana tasirin Maƙamatul Hariri a kan aikin, littafin da almajiran ilmi a ƙasar Hausa suka daɗe suna karantawa a zaure. Ana kuma ganin kamanni tsakanin jigon labarin da wata tatsuniyar Jamusawa ta neman ruwan rai.

Wannan ya sa har yau ake muhawara a jami'o'i kan inda fassara ta tsaya da inda ƙirƙira ta fara a ayyukansa.

Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, duk labarin da ya ratsa hannunsa yakan fito da rigar Hausawa, da sunayensu da garuruwansu da irin dariyarsu.

Akun da aka naɗa waziri

East ya lura da wannan baiwa. A 1936 ya nemi a ba shi aron Imam daga Katsina zuwa Zariya, inda ya zauna kimanin wata shida yana rubutu.

An tara masa littattafan labarai na ƙasashe daban-daban, irin su Alfu Laila wa Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Turai, aka nemi ya fitar da littafin karatu ga makarantu.

Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku da aka buga tsakanin 1937 da 1939.

Ginshiƙin labarin wani aku ne da ke riƙe Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, da hira dare bayan dare, don kada ya fita daga gida ya faɗa tarkon mugun waziri alhali sarki yana wurin yaƙi. Wannan tsari na aku mai ba da labari ya samo asali ne daga tsofaffin littattafan Indiya da Farisa.

Da sarki ya dawo gaskiya ta bayyana, sai aka saka wa akun da sarautar waziri.

A littafi na biyu akun ya shiga gasar ba da labari da wani aku, a na uku kuma ya zauna yana koya wa ɗansa Fasihi sana'ar magana.

Ke nan marubucin da gasa ta fito da shi ya sanya gasa a tsakiyar babban aikinsa, ya kuma bai wa gwanin magana irin kyautar da Bahaushe ya fi girmamawa. Sunan littafin kansa yana ɗauke da darasin, cewa iya magana dukiya ce da ake juyawa a ci riba.

Jaridar kwabo ɗaya

A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam kuma shi ne editanta na farko na Hausa.

Kwabo ɗaya ake sayar da ita, sunanta kuma yana nuni da cewa abin da ke ciki ya fi kuɗin da aka biya.

An kafa ta ne a jajibirin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jita-jita ta bazu cewa za a miƙa Najeriya ga Jamus. Gwamnati na son wata kafa da za ta riƙa isar da nata bayanin ga jama'ar Arewa.

Aikin ya zo da wata wahala ta harshe. Dole edita ya samo yadda zai yi bayanin jirgin yaƙi da majalisa da kasafin kuɗi da zaɓe, ta yadda idan mai karatu ɗaya ya karanta a dandali, mutum goma da ke saurare za su gane.

Yawancin salon da aikin jarida na Hausa ya gada, a takarda da rediyo, a wannan zamani aka aza harsashinsa.

Jaridar ta kuma buɗe shafin wasiƙu, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e suka samu wurin faɗin ra'ayinsu a kan ilmi da kiwon lafiya da halin da talakawa ke ciki.

Matsayin Imam a nan mai santsi ne. Jaridar ta gwamnati ce, sarakuna na sa ido a kanta, matasa 'yan boko kuma na son ta fi haka zafi. Ya shafe kimanin shekara 12 yana tafiya a tsakanin waɗannan ɓangarori.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya, wanda ya ci gaba da buga jaridar da littattafai. Jaridar ta yi fiye da shekara 60 tana fitowa.

Tafiya Ingila

A 1943, ana tsakiyar yaƙi, aka gayyaci wasu editocin jaridu takwas daga Afirka ta Yamma zuwa Birtaniya. Imam ne kaɗai ɗan Arewacin Najeriya a cikinsu, Nnamdi Azikiwe kuma yana cikin tawagar.

A can ne Azikiwe ya jagoranci rubuta wata takarda zuwa ga gwamnatin Birtaniya, wadda ke neman a tsara wa ƙasashen yankin hanyar samun mulkin kai cikin shekara 15.

Imam bai sa hannu a takardar ba. Masana tarihi na danganta hakan da fargabar da 'yan bokon Arewa ke da ita a lokacin, cewa yankinsu na baya ƙwarai a ilmin zamani, kuma mulkin kai na gaggawa zai bar shi a hannun wasu.

Wasu sun ɗauki matakin a matsayin hangen nesa, wasu kuma suka ɗauke shi a matsayin biyayya ga Turawan da yake yi wa aiki.

Sai dai a wannan tafiya ce ya gana da Lord Lugard, wanda ya kafa tsarin mulki ta hannun sarakuna a Arewa, ya kuma bayyana masa koke-koken matasa masu ilmi game da yadda tsarin ke tafiya. Sun ci gaba da musayar wasiƙu bayan ya dawo.

Labarin tafiyar shi ne ya zama littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda aka buga a 1944.

Siyasa da aikin hukuma

Imam yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, tare da su Dokta R. A. B. Dikko da Yahaya Gusau da Sa'adu Zungur da Aminu Kano. Ta fara ne a matsayin ƙungiyar al'adu, kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951.

A wannan shekara aka zaɓe shi ɗan Majalisar Dokokin Arewa, daga nan kuma ya tafi Majalisar Wakilai a Legas.

A 1953 ya gabatar da ƙudurin neman a buɗe wa Najeriya ofishin kula da alhazai a Jidda. Ya yi aikin hajji a shekarar, ya kuma kawo rahoto kan wahalhalun da mahajjata ke sha. Wannan na cikin matakan farko da suka kai ga shigar gwamnati harkar aikin hajji.

Bai daɗe a siyasar jam'iyya ba. Ya koma harkar littattafai a hukumar NORLA, sannan aka naɗa shi a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, wadda daga baya ya shugabanta.

Wannan kujera ce mai nauyi a lokacin da ake maye gurbin Turawa da 'yan ƙasa, domin hukumar ce ke tantance wanda za a ɗauka da wanda za a ƙara wa girma. Wanda alƙalai suka auna rubutunsa a 1933 ya zama shi ke auna cancantar wasu.

A shekarun 1970 kuma ya riƙe aikin sauraron koke-koken jama'a a Kaduna.

Duk da waɗannan ayyuka bai ajiye alƙalami ba. Ya rubuta Ikon Allah tare da East kan halittu da kimiyya, ya rubuta Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, ya kuma rubuta littattafai kan tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na Musulunci.

Lambobin girma

Birtaniya ta ba shi lambar OBE, ɗaya daga cikin lambobin da Sarki George na Biyar ya ƙirƙiro a 1917.

Bayan samun mulkin kai Najeriya ta kafa nata lambobin da dokar 1964, aka kuma ba shi lambar CON. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na dokta.

A Hausa irin waɗannan su ake kira lambar girma ko lambar yabo, kuma sun bambanta da kyautar gasa. Ita kyautar gasa ana ba da ita ne a kan aiki guda, sau da yawa ga wanda bai riga ya yi suna ba. Lambar girma kuwa takan zo ne bayan an ga aikin shekaru.

A rayuwar Imam, lambobin sun tabbatar da abin da jama'a suka riga suka sani ne. Kyautar 1933 ita ce ta zo tun ba a san shi ba, ita ce kuma ta sauya masa hanya.

Gasannin da suka biyo baya

Hanyar da aka buɗe a 1933 ba ta toshe ba, ko da yake takan yi shekaru ba a bi ta ba.

A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya shirya gasa, wadda ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. An buga su a 1980.

Wata gasar ta Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ta fito da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, da Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Muhammad Bello, waɗanda aka buga a 1982.

Daga tsakiyar shekarun 1980 marubutan Kano, mata da maza, suka fara buga littattafansu da kuɗinsu suna kai wa kasuwa, ba tare da jiran hukuma ko gasa ba. A nan mai saye ne ya zama alƙali.

A 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata.

Muhammadu Bello Kagara, wanda ya zo na ɗaya a 1933, ya bar koyarwa ya koma aikin shari'a, ya zama babban alƙali a Katsina, aka kuma naɗa shi Walin Katsina. Ya rasu a 1971.

Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Ministan Najeriya na farko, aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966.

Alhaji Abubakar Imam ya rasu a Zariya ranar 19 ga watan Yunin 1981, yana da shekara 70 a duniya, watanni kaɗan bayan rasuwar Sarkin Katsina Usman Nagogo.

A 1989 aka buga tarihin rayuwarsa da ya bari a rubuce, wanda Abdurrahman Mora ya tace.

Fiye da shekara 90 bayan gasar Zariya, Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na cikin littattafan Hausa da aka fi sake bugawa, kuma da wuya a samu wanda ya yi karatun Hausa a makaranta bai san Malam Zurƙe ko Waziri Aku ba.